Jan Sa na Gidan Ketel

Duk wanda ya tashi a Holmbek ya san Gamel mai shanu, ko da magana ba ta taɓa haɗa su ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kuma tun yana saurayi yake tafiya a karkace saboda bin garma. A gandun ubangidan ƙasa aka haife shi, kamar ubansa da kakansa, wato shi da gonarsa da guminsa duk na wani ne, nasa sai abin da ya saura. Fada, limamin cocinmu, ya ce a shekara ta dubu ɗaya da ɗari biyu da arba'in da 'yan kai aka yi masa baftisma. Mu dai ba da lamba muke tuna shekaru ba. Mun san shekarar da ruwa ya cinye gada ce, har masu zuwa kasuwar Linkon suka koma zagayawa ta fadama.

Ba mugu ba ne, wannan zan faɗa tun da wuri don kada a ce na ɓata mamaci. Bai taɓa satar kunya daga gonar maƙwabci ba, alhali rabin garin nan kowace shekara sai sun ɗan gutsiri tafin hannu guda daga iyaka, suna kallon sama kamar ba su ba. Ba ya dukan dabba, ba ya kwana a gidan giya. Sai dai akwai irin mutumin da ba ya iya cutar wani da hannunsa, amma yana iya tsayawa ya bar cuta ta yi kanta, yana kallo, yana jin zafi a ransa, yana kuma kwasar riba. Gamel irinsu ne, kuma ya san haka fiye da kowa.

Ƙasarmu laka ce mai nauyi, sai shanu takwas suke iya jan garma a cikinta, kuma ba a taɓa yin talaka mai shanu takwas ba. Shi ya sa ake haɗa karkiya, kowa ya kawo abin da Allah ya hore masa, garma ta zaga gari. Mai sa ɗaya kwana ɗaya, mai biyu kwana biyu. Wanda ba shi da ko ɗaya sai ya jira a gama wa kowa, in an ga dama a tuna da shi. Gamel yana da shanu biyu a baki, amma a aikace ɗaya ne da rabi, don ɗayan ya tsufa har haƙoransa sun zube, an riga an yanke cewa idin Waliyyi Martin mai zuwa, a bakin hunturu, za a yanka shi a zuba gishiri.

Maƙwabcinsa Ketel ne, a gida da kuma gona. Yadda kakanni suka yanka filaye, duk inda Gamel yake da siririn yanki, na Ketel ne a gefensa na kudu, don haka tun suna yara suke shan rana ɗaya da ruwa ɗaya. Ketel dogo ne mai surutu, ba ya kiran Gamel da sunansa sai Kututture. Gamel ne ya riƙe 'yar Ketel, Idoni, ranar da aka yi mata baftisma, kuma wannan zumunci a wurinmu bai gaza na jini ba. Arzikin Ketel bai taka kara ya karya ba: tsohuwar saniya, tumaki biyar, alade guda. Amma yana da Brun, jan san da ya yi renonsa tun yana maraƙi, wanda duk Holmbek babu kamarsa. In Brun na cikin karkiya, sauran bakwai ɗin rakiya suke yi.

A lokacin yankan ciyawa lauje ya sare Ketel a ƙwauri. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki yana dariya. Kafin a gama girbin sha'ir ƙafar ta yi baƙi har gwiwa, kuma duk mai hanci ya san inda aka dosa. Ketel ma ya sani, ya kuma san abin da ke biyo baya. In talakan gandu ya mutu, sarkin gandu yana zuwa tun gawa ba ta yi sanyi ba, ya zaɓi dabbar da ta fi kyau a gidan ya kai wa ubangida, Fada kuma ya ɗauki mai bi mata. Ta ubangidan ita muke kira dabbar gawa. A gidan Ketel ba sai an yi dogon zaɓe ba.

Wata rana da la'asar ya aika matarsa Aldis ta kira Gamel. Yana kwance kusa da murhu, ɗakin ya cika da wari.

"Matso mana, Kututture," in ji shi. "Warin nan ni zai kashe, ba kai ba."

Ya zayyana masa abin da ya ƙulla. Ranar Lahadi, a ƙofar coci, gaban jama'a, za su yi musanye: Gamel ya karɓi Brun, Ketel ya karɓi tsohon san nan mara haƙori. In sarkin gandu ya zo, shi zai tarar. Naman hunturun da Gamel zai rasa kuwa, ga alade ya ɗauka. Kwanan Brun a garma na Aldis ne, Gamel zai riƙa huɗe mata kamar don zumunci. In an yi shekara da kwana ɗaya, idon mutane ya kau, sai a nemi dalili a mayar mata da abinta.

Gamel ya ce in aka gane fa. Ketel ya ce in aka gane shi dai ya riga ya tsere inda sammaci ba ya zuwa. Sai ya daina dariya, ya kama wuyan hannun Gamel.

"In babu sa, babu gona. In babu gona, Idoni bara za ta yi. Kai ka riƙe ta a coci."

"Na riƙe ta," in ji Gamel. "Zan riƙe san ma."

Kuma da gaske yake a lokacin, wannan ma zan shaide shi.

Ranar Lahadi aka tallabo Ketel zuwa ƙofar coci. Ya ɗaga murya ya ce Brun ya fara tunkuyi, mace ba za ta iya da shi ba, gara tsoho mai ladabi. Mutane suka ce zazzaɓi ya hau kan Ketel, suka yi ta yi wa Gamel kirarin mai sa'a. Aka tafa hannu, igiya ta sauya hannu. Bayan kwana tara Ketel ya cika.

Osbert sarkin gandu ya zo da safe. Ya buɗe bakin tsohon sa ya leƙa, ya ɗaga kai ya dubi Brun yana tuƙa a bayan shingen Gamel, ya daɗe yana duba. Ya ja tsohon ya tafi, Fada ya aiko aka ja saniya. Amma Osbert ba yaro ba ne. Da wakilin ubangida ya zo zaman shari'a bayan idin Mika'ilu, sai ya ta da maganar. Aka kawo Linjila. Gamel ya ɗora hannu ya rantse musanyen gaskiya ne, babu wata magana a ƙarƙashinsa. Aka kira Aldis, aka tambaye ta ko tana da wani haƙƙi a kan jan san. Ta ɗora hannu ta ce ko gashin jelarsa ba nata ba ne. Wakili ya yi hamma ya ce a kawo ƙara ta gaba.

A hanyar gida ne wani tunani ya faɗo wa Gamel, cewa yanzu duk duniya babu mai iya raba shi da Brun, har ita Aldis ɗin. Ya tofar da yawu, ya yi alamar gicciye, ya nemi tsari. Tunanin ya koma gefe ya zauna, bai tafi ba.

Shekarar farko ya cika alkawari. Ya huɗe mata yankunan alkama tun kafin nasa. Brun kuwa bai san an yi rantsuwa ba, duk lokacin da aka biyo da shi ta layin sai ya karkata zuwa ƙofar Aldis, sai an ja shi da ƙarfi, mutane na dariya. Aldis takan fito da ganyen kabeji ta ba shi, ta shafa goshinsa, ta koma ciki. Shi kuma Gamel ya ɗanɗana abin da bai taɓa ɗanɗanawa ba. Mai ƙarfafan shanu biyu shi ake ba riƙon garma, shi ake nema in za a kai ulu kasuwa a keken shanu, shi ake sauraro in ana gardamar ranar fara huɗa. Matarsa Hawis, wadda ke da bakuna biyar a gabanta, ta fara cewa "shanunmu" ba tare da ta rage murya ba. Bai gyara mata ba.

Da shekara da kwana ɗaya suka cika, Aldis ta zo ta tsaya a bakin shinge da yamma, hannuwanta cikin riga saboda sanyi. Ba ta tambaya ba, tsayuwar ta isa. Gamel ya ce har yanzu idon Osbert na kansu, ta ƙara haƙuri zuwa bayan Ista. Gaskiya ya faɗa, Osbert na kallo. Abin da ya dame shi daga baya shi ne daɗin da ya ji da gaskiyar ta zo daidai da son ransa.

A azumin gabanin Ista na shekarar, ruwa ya yi ta zuba kamar ba za a daina ba. Laka ta jiƙe sharkaf, garma ba ta shiga sai a 'yan kwanakin da ƙasa ta tsane. Da zagaye ya zo kan Gamel, aka ba shi kwanansa biyu. Ranar farko ya yi nasa. Rana ta biyu ya tsaya a kan iyaka, ƙafa ɗaya a yankinsa ɗaya a na Aldis, ya dubi hadarin da ke haɗuwa a yamma, ya tuna rabin gonarsa bai taɓu ba. Ya ce wa kansa zagaye na gaba nata ne gaba ɗaya. Ya juya shanu cikin nasa. Zagaye na gaba bai zo ba sai bayan mako uku, Aldis ta yi shuka a makare, wakenta ya fito kamar gashin tsoho.

Sannan bakin mutane ya shiga. Mata a bakin rijiya suka fara tambayar dalilin da zai sa mai iyali ya riƙa huɗe wa gwauruwa kyauta shekara biyu. Wata ta ce abu biyu ne, ko san nata ne, ko mai san nata ne. Hawis ta kawo maganar gida tana huci. Osbert ma ya tare Gamel a hanya yana murmushi ya ce shi dai yana son ya san wanne ne daga ciki, don ya san ko wakili zai kai wa ko Fada. Gamel ya sha jinin jikinsa. Kaka ta zo, garma ta zaga, ta tsallake yankunan Aldis. Ya aika mata da kwanon wake ta hannun Hawis, ya ce a ce mata abin ya fi ƙarfinsa na ɗan lokaci.

Aldis ta ɗauki shebur na katako mai bakin ƙarfe, ita da Idoni mai shekara goma sha biyu, suka shiga laka. Eka goma sha biyar ba aikin shebur ba ne. Gamel na bin garma a yankinsa, su suna haƙa a gefensa na kudu, tazarar da ba ta fi a miƙa wa juna gora ba. Yakan gaishe ta, ta amsa da ladabi, ta tambayi lafiyar yara. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Kashi ɗaya cikin uku suka iya juyawa, sauran ƙaya da ciyawa suka cinye, iri ya riƙa tashi yana faɗawa gonakin mutane.

A shekara ta uku aka kai ƙararta. Ba ta kawo sa ranar huɗar gandu ba, gonarta kuma tana ɓata na maƙwabta. Wakili ya ce ƙasar ubangida ba ta zama a hannun wanda ba ya iya juya ta. Ya tambayi dattawa goma sha biyu wa ke kusa da yankunan, mai shanun da za su iya. Duk suka waiwaya wuri ɗaya.

"Ranka ya daɗe, ni ba na so," in ji Gamel.

"Wa ya tambaye ka abin da kake so?" in ji wakili.

Aka miƙa wa Aldis sanda kamar yadda aka saba. Ta riƙe ta ɗan lokaci, ta miƙa wa wakili, wato ta saki gona. Wakili ya miƙa wa Gamel. Sandar da ɗumin hannunta. Kalma ɗaya daga bakinsa da ta isa, ko daga bakinta. Amma ita in ta yi magana ta zama mai rantsuwar ƙarya, ko bukka ba za a bar mata ba, shi kuma ya rufe tafinsa a kan sandar. Ya karɓa.

Aka ba ta wata bukka a ƙarshen gari, bakin rafi, da ɗan fili na kabeji. Idoni ta tafi aikatau gidan wani mai tsefe ulu a Linkon. Aldis ta koma kaɗi da dafa giyar sha'ir da kala bayan girbi. Shekarar farko Gamel ya ce wa masu ɗaurin dami su riƙa sakin hannu a tsofaffin yankunan Ketel, su bar zangarniya da yawa a ƙasa. Aldis ta zo da kwandonta, ta dubi yadda aka barbaza hatsi kamar an yi ɓari, ta tsallake yankin ta wuce na gaba. Bai sake gwadawa ba.

Daga nan arziki ya bi Gamel kamar da gayya. Shanu biyu suka zama huɗu. Ya aurar da 'ya'yansa mata da tumaki da tukwanen tagulla. Aka sa shi cikin dattawa goma sha biyu, ya riƙa zama yana yanke wa masu satar kunya tara, ana yaba adalcinsa. Kowane azumi yakan durƙusa gaban Fada ya lissafa zunubansa, fushi da haɗama da aikin ranar Lahadi, ya tashi da babban a cikinsa. Hawis ta rasu ba ta taɓa jin gaskiyar daga bakinsa ba, ko da yake ina zaton ta sani, don ba ta taɓa bin hanyar rafi ba ko da ita ce mafi kusa.

Brun ya tsufa a shekara ta bakwai. Ranar idin Martin aka yanka shi, Gamel ya ce kansa na ciwo ya bar wa 'ya'yansa aikin. Da aka gama fiɗa ya saɓa cinya guda ya nufi bakin rafi da rana tsaka, kowa na gani. Aldis ta fito ta dubi naman, ta dubi guntun jar fata da ta saura a kofato. Ta miƙa hannu biyu ta karɓa.

"Na gode, maƙwabci," in ji ta. "Ashe dai ya dawo gida."

Gamel bai ci naman shekarar ba. Burodi da cuku ya yi ta ci har Kirsimeti.

Ita kuwa Aldis ba ta zauna kuka ba, mace ce mai taurin rai. Daga kaji ta sami tunkiya, daga tumaki ta sami wata 'yar karsana fara da mai ita ya fid da rai da ita. Ta kwana da ita a ɗaki guda hunturu biyu, tana raba mata fatenta. Karsana ta zama saniya mai nono, Aldis ta fara kai cuku kasuwa, kumatunta suka ɗan ciko. A shekara ta goma sha huɗu bayan mutuwar Ketel aka ji cewa Idoni za ta dawo, wani mai rufin ɗaki daga ƙauyen gaba yana nemanta, kuma danginsa sun yarda saboda farar saniyar za ta bi amarya. An sa rana bayan girbi.

A hunturun nan ne ƙirjin Gamel ya kama. Tari ya hana shi sakat, abinci ya daina shiga. Sai ga wani mai wa'azi mara takalmi ya biyo ta garin, ya tsaya a gindin gicciyen kasuwa ya yi ta bayanin abin da ake tanadar wa hannun da ya taɓa Linjila da ƙarya. Gamel ya koma gida yana ɓoye hannunsa na dama cikin riga. Ya je wurin Fada, wani sabo ne matashi, ya amayar da komai. Fada ya ce ya mayar da abin da ya ci gwargwadon iyawarsa, a hankali, ba tare da ya jawo wa kowa wata cutar ba. Shawara ce mai kyau. Amma Gamel ya ga abin ya yi masa araha. A gaban jama'a ya yi ƙarya, a gaban jama'a yake so ya wanke ta, ya ji an ce masa wani abu, ko zagi ne.

Ya tarar da Aldis tana kaɗa nono a ƙofar bukka. Ya gaya mata zaman shari'a na bayan Ista zai tashi ya faɗi komai. Ya zaci za ta yi kuka, ko ta gode. Sai ta tsayar da aikin ta dube shi sosai, karo na farko cikin shekaru.

"Ni ma na ɗora hannu a kan littafin nan. Ka manta?"

Ya ce shi zai ɗauki laifin duka, zai ce shi ya tilasta mata.

"Uban baftismar Idoni, kai da kake zama cikin dattawa, ka taɓa ganin an bar mutum ya zaɓi abin da zai ɗauka a gaban wakili? Shekara goma sha huɗu ka yi shiru don kanka. Yi mini shiru na wata shida don ni. Bari yarinyar nan ta shiga ɗakinta, saniya ta bar gandun nan. Daga nan ka hau rufin coci ka faɗa in ka ga dama."

Ya ce ya ji. Ta sa shi ya maimaita, ya maimaita.

Makon Ista tarin ya fara zuwa da jini. Gamel ya riƙa ƙirga watannin da suka rage kafin girbi yana ganin ba zai kai ba. Tsoro ne ya kama shi, tsoro tsagwaronsa, na mutumin da ya ga rami a gabansa. Ya ce wa kansa ai wakilin yanzu sabo ne, mai sauƙin kai, kuma wa zai taɓa tsohuwa a kan abin da ya wuce shekara goma sha huɗu. Dabarar da ya yi wa kansa a kan iyakar gona ranar hadari, ita ya sake yi, kuma bai gane ta ba sai da aka gama.

Ranar zama ya miƙe daga bencin dattawa. Ya yi magana mai kyau, wannan kowa ya shaida. Ya faɗi musanyen, da alkawarin, da kwana biyun garma, da sandar. Ya yi kuka, mata a bayan ɗaki suka taya shi. Osbert, wanda ya tsufa ya bar aiki, ya buga sandarsa a ƙasa ya ce shi dama ya faɗa. Aldis na tsaye kusa da ƙofa, fuskarta ba ta motsa ba.

Wakili ya saurara har ƙarshe, ya yi ƙus-ƙus da magatakarda, sannan ya tambayi dattawa sha ɗayan da suka rage mene ne al'adar gandu. Suka sunkuyar da kai suka faɗa, don ba su da wata amsar: dabbar gawa daga gidan mamaci take fita, kuma ta Ketel ba ta fita ba har yau. Gamel ya ce ga sansa mafi kyau, a ɗauka a madadin Brun. Wakili ya ce madalla, an karɓa, wannan tarar rantsuwarsa ce. Gona kuwa an ba shi ita da sanda bisa ƙa'ida, tana nan a hannunsa. Saura gidan Ketel. Ya tambaya wace dabba ce ta fi kyau a wurin matar marigayin. Kowa ya san farar saniyar ce, ita kaɗai ce.

Aldis ba ta jira a aiko ba. Da azahar ta jawo farar saniyar da kanta, ta ratsa tsakiyar gari zuwa garken ubangida. Gamel ya biyo ta a baya yana haki. Ya ce zai ba ta tasa saniyar, zai ba ta biyu, zai je wurin dangin mai rufin ɗaki da kansa. Ta ce wani musanyen kuma, a ƙofar coci ko a ina, kuma wane dangi ne za su karɓi dabba daga hannunsa yanzu, ko 'yar matar da aka kira mai rantsuwar ƙarya a gaban gari. Maganarta kuwa ta tabbata, don Idoni ba ta dawo ba, a Linkon ta tsufa tana tsefe ulun wasu.

A ƙofar garke Aldis ta kwance igiya daga wuyan saniyar, ta tura ta ciki da tafin hannu. Sannan ta juyo.

"To, ka samu sauƙi?"

Ya so ya ce a'a. Amma yau ɗin ya rantse wa kansa ya gama ƙarya, kuma gaskiyar ita ce tun da ya sauko daga gaban wakili yake jin iska na shiga ƙirjinsa har ƙasa, nauyin shekara goma sha huɗu ya sauka, har yunwa yake ji. Tarin ma daga ranar ya fara ja da baya, sai da ya ƙara shekara tara a duniya. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba ko ranar sanda.

"Na samu," in ji shi, da ƙyar.

"To madalla," in ji Aldis. "Ko ba komai saniyata ta yi wa wani magani."

Ta naɗe igiyar a hannu, don igiyar tata ce, ba ta cikin hukunci, ta kama hanyar rafi.